Aikin kwamfuta daga ɗaki: zai iya maye wa matashin Sakkwato gurbin gona?

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023, wanda ta ce zai koyar da mutum miliyan uku sana'o'in fasahar zamani, wata magana ta zauna daram a majalisun matasa daga Mabera har Runjin Sambo a birnin Sakkwato. Ana cewa damina ta zama kamar caca, zafi ya ƙaru, hanyar gona babu tsaro, saboda haka mai dabara ya koyi kwamfuta ya zauna ɗakinsa yana karɓar dala. Iyaye sun rabu biyu. Wasu sun sayar da tumaki sun saya wa yaro kwamfutar cinya, wasu kuma har gobe suna ganin duk wanda ya kwana gaban kwamfuta ɗan damfara ne. To, wane irin aiki ne wannan da ake ta zance, wa yake biyan kuɗinsa, kuma da gaske ne mai yin sa ya tsere wa zafi da farin da suka dami manomi?

Me ake nufi da aikin fasaha?

Sana'o'i ne da yawa aka tara a kalma ɗaya, kuma daga nan ruɗanin ya fara. Akwai mai rubuta manhaja, wanda ke gina abin da muke latsawa a waya. Akwai mai zane, da mai nazarin alƙaluma, da mai tsare ma'aikata daga masu kutse. Sannan akwai wanda ba a cika ambatonsa a tallar makarantun koyon kwamfuta ba, wato mai kula da na'urori da sadarwar ofis: shi ke haɗa waya, shi ke buɗe wa sabon ma'aikaci imel, shi ake nema idan firinta ta ƙi aiki ranar da za a biya albashi.

Shi kuwa aiki daga nesa, Basakkwace bai kamata ya ga baƙonsa ba. Cin rani ne. Kakanninmu sun saba da barin gida bayan an kai amfani rumbu, su nufi kudu ko Gwanja su sayar da ƙarfinsu, su dawo kafin ruwa ya sauka. Bambancin kawai shi ne yanzu jikin yana gida, aikin ne ke tafiya ta intanet. Amma halin cin rani bai canza ba: mai ɗauka ne ke yanka farashi, kuma ranar da kasuwarsa ta faɗi, baƙo ake fara sallama.

Imel ɗin ofis, aikin da ake rainawa

A nan nake so in daɗe, domin a ganina aikin da ke kusa da hannun matasanmu yana nan, amma idonsu yana can nesa.

Imel ɗin da yawancinmu muka sani shi ne na kyauta, Gmail ko Yahoo, wanda mutum ke buɗewa da lambar wayarsa. Wannan mallakin mutum ne. Imel ɗin ma'aikata daban yake. Abin da ya biyo bayan alamar @ sunan ma'aikatar ne, kuma ita ke da ikon buɗe akwatin, ta rufe shi, ta adana abin da ke ciki. A Najeriya, adireshin da ya ƙare da .gov.ng na gwamnati ne, .edu.ng na manyan makarantu, kuma ƙungiyar NiRA ce ke kula da rajistar sunayen .ng baki ɗaya.

Kamfanoni biyu ne suka mamaye wannan kasuwa. Microsoft yana da Outlook, wanda ya fito a 1997, tare da Exchange da ke riƙe saƙonnin a bayan fage. Google kuma yana sayar da Workspace, wato Gmail ɗin da aka sanya wa sunan ma'aikata. Shi Gmail ɗin kansa 2004 ya fito. Akwai kuma Zoho na Indiya, wanda ƙananan kamfanoni ke komawa saboda sauƙin kuɗi. Duka ana biya ne a kan kowane ma'aikaci, kowane wata ko shekara, shi ya sa faɗuwar naira ta taɓa su kai tsaye: dalar da gwamnati ke sayarwa kusan naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024.

Masu aiki da su suna da ra'ayi mai zafi a kan wanda ya fi. Masoyan Outlook suna cewa yana ajiye kwafin saƙonni a kan kwamfuta, ko sabis ya ɗauke za ka karanta wasiƙar jiya ka rubuta amsa, ta tafi da kanta idan ya dawo. Masu sukarsa suna cewa yana da nauyi, tsohuwar kwamfuta na nishi kafin ta buɗe shi, ga saituna barkatai. Gmail ya fi sauƙin koyo, ya fi dacewa da waya, bincikensa kuma yana da sauri. Ni dai idan aka tambaye ni, ƙaramar makaranta ko asibiti mai ma'aikata ashirin a garin nan ba ta buƙatar nauyin Outlook, amma banki ko babbar hukuma mai dubban fayilolin Word da Excel da wuya ta rabu da shi. Sai dai wannan gardama ta masu abin hannu ce. Matsalarmu ta fi haka zurfi: ofisoshi da yawa ba su da ko ɗaya daga ciki.

Na taɓa bin wata takarda a wani ofis wata biyu. Daga ƙarshe aka gaya mini an aiko da amsar tuntuni, amma ta shiga Yahoo ɗin jami'in da aka yi wa canjin wurin aiki, shi kuma ya manta kalmar sirrinsa. Ba mugunta ba ce, rashin tsari ne. Wasiƙar hukuma ta zama dukiyar mutum ɗaya. Idan ya yi ritaya ko Allah Ya yi masa rasuwa, tarihin ofis ya tafi da shi. Haka abin yake ga takardun da ake turawa ta WhatsApp: waya ta faɗa ruwa, shekara uku ta aiki ta bi ta.

Ga kuma haɗarin damfara. Ɓarawo yakan kutsa akwatin akanta, ya yi makonni yana karanta yadda ake biyan 'yan kwangila, sannan ranar biya ya aiko da saƙo cewa an canza lambar asusu. Hukumar FBI ta Amurka ta ce irin wannan damfarar imel ɗin kasuwanci ta jawo asarar kusan dala biliyan 2.9 a ƙorafe-ƙorafen da ta karɓa a 2023 kaɗai. Hukuncin ɗaurin sama da shekara 11 da wata kotun Amurka ta yanke wa Ramon Abbas, wanda aka fi sani da Hushpuppi, a Nuwamban 2022, yana da alaƙa da halasta kuɗin irin wannan harka. Wannan ne ya sa dattijon da ke zargin mai kwamfuta ba daga sama ya ɗauko zarginsa ba, kuma shi ne ya sa matashin Najeriya mai neman halali yake shan tambayoyi kafin baƙon kamfani ya yarda da shi.

Maganin yawancin wannan ba wani tsafi ba ne: a tilasta tabbatarwa mataki biyu (wato bayan kalmar sirri a nemi wata shaida, kamar lambar da ke zuwa a waya), a rufe akwatin wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi, a ajiye kwafi, a koya wa ma'aikata su buga waya su tabbatar kafin su tura kuɗi zuwa sabon asusu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ma ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su. Wani ne zai yi wannan aiki a asibitoci, makarantun kuɗi, ƙananan hukumomi 23, da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a jihar. Albashin naira ne, ba a ɗaukar hotonsa a sa a Facebook, amma ba ya ƙarewa.

Kasuwar dala ba yadda aka bar ta take ba

Labarin da ake ba matasa ya samo asali ne daga shekarun da kuɗi ke malala. An kafa Andela a Legas a 2014 don horar da masu rubuta manhaja a haɗa su da kamfanonin waje. A 2020 kamfanin Stripe na Amurka ya sayi Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, a kan sama da dala miliyan 200. Lokacin korona kowa ya koma aiki daga gida, buƙata ta yi sama. Duk wannan gaskiya ne, kuma akwai waɗanda suka gina gida da shi.

Amma tun a Satumbar 2019 Andela ɗin ta sallami ƙananan injiniyoyi fiye da 400, tana cewa ƙwararru kasuwa ke nema. Meta, mai Facebook, ta sallami mutum 11,000 a Nuwamban 2022. A Janairun 2023 Google ya rage 12,000, Microsoft ya rage 10,000. A 2024 Microsoft ya rufe cibiyarsa ta injiniyoyi da ke Legas. A tsakiyar wannan ne ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya fito, a Nuwamban 2022, kuma ƙirƙirarriyar basira ta fi ƙwarewa a daidai ayyukan da ake ba sabon shiga: ɗan gajeren rubutun manhaja, fassara mai sauƙi, zanen talla. Ƙofar ba ta rufe ba, amma matakalar farko ta karye. Wanda ya yi kwas na wata uku yana gogayya ne da na Indiya, da na Masar, da na'ura.

Akwai ɗan filin da Bahaushe ke da rinjaye: kamfanonin da ke koya wa na'ura harshe suna buƙatar masu fassara, masu rubuta magana, da masu tantance amsa cikin Hausa. Aikin gaske ne, sai dai na kwangila ne, yau akwai gobe babu.

Me ya haɗa zafi da kwamfuta?

Mu fara raba abu biyu. Ruwan yau ko zafin gobe, yanayin rana ne. Sauyin yanayi shi ne canjin da ake gani idan aka jera shekara talatin ko fiye. Sanadinsa babba shi ne ƙona gawayin ƙasa, man fetur da gas, wanda ya ɗaga iskar kabon a sararin sama daga kusan kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 yanzu. Wannan iska tana riƙe zafi kamar bargo. Hukumar yanayi ta duniya ta ce 2024 ce shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba, amma Sahel na cikin masu shan wuyarsa.

Mutane da yawa suna ɗauka sauyin yanayi a nan yana nufin ruwa zai ƙare. Abin ya fi haka sarƙaƙiya. Dattawa suna tuna farin 1973 da na 1984. Bayan waɗannan shekaru ruwa ya ɗan dawo, amma da wani hali: ya yi jinkiri, ya ɗauke sati biyu ko uku bayan an yi shuka, sannan ya zubo kamar da bakin ƙwarya. Wani bincike da mujallar Nature ta buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadari masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Mutanen Sakkwato ba su manta Satumbar 2010 ba, lokacin da gulbin Rima ya cika ya tafi da gonaki da ƙauyuka, ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Adalci shi ne a ce ba kowace ambaliya ce laifin yanayi kaɗai ba. Yadda ake sakin ruwan madatsar Goronyo, gini a kan hanyar ruwa, da toshewar magudanai duk suna da hannu. Haka kuma abin da ya kori manoman Sabon Birni da Isa daga gonakinsu a 'yan shekarun nan bindiga ce kafin fari.

Zafi kuwa babu gardama. Daga Maris zuwa Mayu garin nan yakan wuce digiri 40. A farkon Afrilun 2024, daidai cikin azumi, garin Kayes na Mali ya kai digiri 48.5, kuma masana da suka yi nazarin wannan zafi sun ce da ba don ɗumamar da ɗan Adam ya jawo ba, da bai kai haka ba.

Yanzu a dubi yaron da ke ɗaki mai rufin kwano da kwamfutarsa. Idan ta yi zafi, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wutar da kamfanin Kaduna Electric ke rarrabawa ba ta isa a dogara da ita, fetur kuma tun cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 ya fi ƙarfin ƙaramin janareta na kullum. Sai a ce sola. Rana kam Allah Ya hore mana, amma ƙarfin da aka rubuta a jikin faifan sola an auna shi ne a digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100, kuma faifan da ke kan rufi da tsakar ranar bazara yakan wuce digiri 60. Batir mai ruwa ya fi shan wahala, zafi yana cinye shekarunsa. Da hunturu kuma ƙura ta rufe faifan. Ga sabis: a Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar saboda tsaro, a Maris ɗin 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka tsaya cik. Kamfanin da ke Landan ba ruwansa da wannan. Ƙarfe tara ya ce, ƙarfe tara yake nufi.

Ita ma fasahar tana da nata hayaƙin. Abin da ake kira gajimare, inda imel da hotunanmu ke zaune, manyan gine-gine ne cike da kwamfutoci da na'urorin sanyaya su. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar lantarkin duniya a 2024. Saƙon da ke yawo cewa goge tsofaffin imel zai ceci duniya ya zuzuta abin.

Ɓangarori biyu, da abin da kowa ya tsallake

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Gonar gado tana raguwa duk rabon gado, aikin gwamnati bai isa ba, kuma yaro ɗaya mai samun dala ɗari uku a wata zai iya riƙe gida guda. Ga mata ma, wannan na iya zama babbar dama: matar aure da ta iya lissafin kuɗi ko fassara za ta yi aiki daga ɗakinta ba tare da rigimar fita ba, muddin an bar ta ta yi karatun tun farko kuma wayar tata ce.

Masu suka suna cewa ana sayar wa talaka mafarki, makarantun kwas ne kawai ke cin riba. Su ma ba su yi ƙarya ba. Na ji wani dattijo yana ce wa ɗansa: "Kai yaro, kwamfuta na tuwo? In kowa ya bar gona, mi za ka saya da dalar?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ai ba bari na yi ba, gonar ce ba ta isa mu duka." Kowannensu yana da gaskiya, kuma dukansu sun ɗauka zaɓi ne tsakanin abu biyu.

Abin da aka tsallake shi ne gonar kanta tana neman mai fasaha. Masu noman rani a fadamun Wurno, Kware da Goronyo suna komawa injin ban ruwa mai sola saboda tsadar mai. Wa zai auna musu girman faifai da ya dace da zurfin rijiya, ya gyara inbata idan ta ƙone? Albasar da jihar nan ta yi suna da ita tana ruɓewa a rudu kafin farashi ya tashi. Auna zafi da laima a wurin ajiya aiki ne na ƙaramar na'ura mai araha da wanda ya san kanta. Hukumar NiMet, mai kula da yanayi ta Najeriya, tana fitar da hasashen damina kowace shekara, amma tsakanin takardar Abuja da kunnen manomi a Tangaza akwai tafiya mai nisa, kuma saƙon murya cikin Sakkwatanci zai iya yanke ta. Cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta shafe shekaru tun cikin 1980 da wani abu tana aiki a kan na'urorin busar da amfani da dafa abinci da hasken rana. Ilimin yana gari, mai kai shi kasuwa ne ya yi ƙaranci.

Maƙwabtanmu na arewa sun nuna wani abu a wani fage daban. Buzayen Agadas da na arewacin Mali sun ɗauki jita mai lantarki, kayan kiɗan rok na Turawa, suka zuba mata nasu karin da nasu kukan na fari da gudun hijira. Kiɗan ya fara yawo ne a kaset, daga baya kuma daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori a kasuwanni, kuma ya kai su dandalin Turai da Amurka. Ko mutum yana sauraron kiɗa ko ba ya yi, abin lura shi ne da sun tsaya kwaikwayon mawaƙan Ingila, da babu wanda zai saya. Abin da babu wanda ke da shi sai su ne ya sayu.

Abin da zai shafi mai ƙaramin ƙarfi

Idan aka bar abin yadda yake tafiya, waɗanda za su ci moriyar dalar su ne 'ya'yan gidajen da ke da sola mai ƙarfi, da Starlink, intanet na tauraron ɗan Adam, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023, da Turanci mai kyau. Ɗan ƙauye zai ƙare da satifiket da bashin kwamfuta, ga kuɗin data da aka amince a ƙara da kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Shi ya sa nake ganin rabon kwamfutoci a wurin taro bai kai amfanin ɗaki ɗaya mai sanyi, mai wuta da intanet da ba sa yankewa, a kowace ƙaramar hukuma ba. Kuma da gwamnatin jiha za ta wajabta wa kowace ma'aikata amfani da imel ɗin hukuma maimakon na mutum, da ta kare takardunta ta kuma buɗe gurabe ga ɗaliban da Jami'ar Jiha da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi ke yayewa.

Uban da ke shirin sayar da dabba don biyan kuɗin kwas ya je da kansa ya tambayi mai makarantar: ɗalibai nawa ne na bara ke aiki yanzu, a ina, kuma zan iya magana da biyu daga cikinsu? Ya tambayi yaron inda zai yi caji a watan Afrilu. Sannan ya duba ko kwas ɗin yana koyar da haɗa sola, saita sadarwar ofis da tsare imel, domin waɗannan ana neman mai yin su a Kalambaina da Illela tun kafin wani kamfanin Landan ya amsa wasiƙarsa.